Masu shiga gandun daji da jif, wa aka taɓa rufe wa hanya?

Mai Jif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ke zaune a Amurka yana shiga daji da mota mai fowil ya san halin da ake ciki. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta rufe mil 317 na hanyoyin burji a yankin Labyrinth, kusa da garin Moab a jihar Utah, ta bar kimanin mil 800 a buɗe. Ƙungiyoyin direbobi suka garzaya kotu, masu kare muhalli kuwa suka yi ta murna. Tun daga nan kowa da abin da yake faɗa, akasari kuma ji aka yi. Ni ba an ce ka ce nake so ba. Wanda aka taɓa rufe wa hanya, ko ya ga yadda aka yi wata ta tsira, ya ba mu labarin abin da idonsa ya gani.

Masunci:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ni tawa hanyar yashin bakin teku ce, a Cape Hatteras da ke Karolina ta Arewa. Kafin ka hau yashi sai ka sayi takardar izini, ka kalli ɗan bidiyon ƙa'idoji, sannan a mashiga ka rage iskar taya zuwa wajen 20 a ma'aunin iska (psi), in ba haka ba mota ta kafe tun ba a je ko'ina ba. Abin da ke ci mana rai shi ne igiya. Ka taso da sassafe da kayan kamun kifi, ka tarar an kafa turaku an ja igiya daga tudun yashi har bakin ruwa, wai wata 'yar tsuntsuwar gaɓar teku ta yi ƙyanƙyasa. A ƙa'idar da hukumar gandun ta kafa a 2012, mita 1,000 ake killacewa kewaye da 'yan tsakin. Saboda abin da bai cika tafin hannu ba! Sai da majalisar dokokin Amurka ta sa baki a ƙarshen 2014 sannan aka rage.

Amma fa na ga 'yan tsakin, wata ma'aikaciyar gandun ce ta ara mini madubin hangen nesa. Launinsu da na yashi ɗaya ne, kuma in suka ji motsi ba gudu suke yi ba, lafewa suke yi, wani lokaci a cikin sawun taya. Komai kaifin idon direba ba zai gan su ba. 'Ya'yan kunkurun teku ma sawun tayar ke tare su, fitilar mota kuma ta ruɗa su su bar hanyar ruwa, shi ya sa daga watan Mayu ake hana tuƙin dare.

Tun 1972 Shugaba Nixon ya ba da umarnin a tsara inda irin motocinmu za su bi a filayen gwamnati. Hatteras ta yi sama da shekara 30 ba ta da cikakken tsari, har ƙungiyoyin kare namun daji suka kai ƙara a 2007. Magana in ta shiga hannun lauyoyi, masunci sai kallo. Rufewar 'yan makonni ina iya haƙura da ita. Wadda nake tsoro ita ce irin ta Tellico, a tsaunukan jihar nan: laka daga hanyoyin jif ta riƙa gangarawa rafukan da kifi ke ciki, a 2009 aka rufe wurin, shi ke nan.

Bakanike:
Alhaji Masunci, Tellico ɗin da ka ambata ita ce ta sa nake zuwa aikin gayya a Rubicon. Hanya ce ta duwatsu a Kaliforniya, mil 22, tana ɓullewa wajen tafkin Tahoe. A 2009 hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin ta ba da umarnin a gyara ta saboda abu uku: zaizayar ƙasa, baƙin mai da ke ɗiga daga motoci, da kashin mutane, a yi mini afuwa. Kowa ya ɗauka tata ta ƙare, amma har yau ana bin ta.

Aikin ba shi da wani burgewa. Ka loda duwatsu a ƙaramar tirela, ka ja su zuwa inda hanya ta zama kwazazzabo, ku jera da hannu. Ku haƙa 'yar magudana a karkace don ruwan sama ya sauka gefe maimakon ya bi sawun taya. An gina gadoji a kan wasu rafuka don a daina ratsa ruwa. Ni a motata ba na rabuwa da tsumman tsotse mai da buhu, domin dutse ba ya tausayin tankin baƙin mai, kuma in ya fashe sai ka kwashe har ƙasar da ta jiƙe. Bahaya kuwa, wanda ya shigo da abinsa ya fita da shi a leda. Mutane na dariya in na faɗa, amma ledar nan ta fi takardar koke dubu riƙe hanyar.

Uwar Biyu:
Ku yi mini haƙuri iyayen gida, ni kallon tsuntsaye ke kai ni daji, kuma a jif ɗin maigidana nake zuwa, don haka ba abokiyar gabarku ba ce. Amma ku faɗi gaskiya duka. Akwai wata hanya a hamadar Utah da muke bi, da wani ɗan kududdufi a tsakiyarta wanda bai kai gwiwa ba. Wani ya ƙi ɓata motarsa da taɓo ya kewaye ta dama. Na bayansa ya ga sawu ya bi. Da muka koma bayan damina, wurin ya yi faɗin da mota uku za su jeru.

Ƙasar da suka taka ɗin ba ƙasa ce kawai ba. In ka durƙusa za ka ga wani baƙin ɓawo mai ƙuraje a samanta. Ƙananan halittu ne masu rai suka saƙa shi, shi ke riƙe yashi da danshi. Taya ɗaya ta murƙushe shi, kafin ya dawo sai an yi shekaru masu yawa. Hoton irin wannan wuri ne ake kai wa hukuma, ba hoton Malam Bakanike yana jera duwatsu ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, na yarda, sai dai ban taɓa ganin ɗayanku ya tsayar da waken nan ya yi masa magana ba. Kowa sai ya kau da kai.

Auta:
Gaskiya ne, Hajiya, amma a dubi irinmu ma. Mahaifina gwiwa ta hana shi doguwar tafiya, in ba mota ba babu shi babu ganin daji. A gandun Canyonlands akwai hanyar Salt Creek da a da ke kai mutum har kusa da dutsen Angel Arch. Kotu ta tsayar da motoci a 1998, a 2004 aka tabbatar da hanin, saboda hanyar ta cikin rafin kanta take bi, ruwa mai gudana kuma abu ne mai wuya a can. Na fahimci dalilin. Amma da muka kai inda hanya ta ƙare, matasa suka ɗauki jaka suka wuce a ƙafa, mu muka juya da Baba. In ana cewa an bar wa jama'a wuri, a tuna akwai jama'ar da ƙafarsu mota ce.

Direban Tirela:
Nawa gajere ne. Tun dokar da hukumar dazuka ta kafa a 2005, a dazukan gwamnatin tarayya taswirar hanyoyin mota ce hujja. Hanyar da ba ta cikin taswira a rufe take, ko da babu allo, ko da ka ga sawun taya sabo fil. Wani abokin tafiyarmu ya biya tara a kan haka, yana ta rantsuwa bai ga shinge ba. Kyauta ake ba da taswirar, ana kuma sauke ta a waya, sai dai a sauke tun daga gida don can babu sabis.

Mai Jif:
Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta shige ni, ko da yake na taɓa ganin an yi wa wani magana har ta kusa kai ga dambe, to shi ma abin dubawa ne. Wani abu da ba a taɓo ba: kafin a rufe hanya akan fitar da daftari a ba jama'a wa'adi su rubuto ra'ayi. Wanda ya rubuta "kada ku rufe mana hanya" kawai bai ba su abin kamawa ba. Ka faɗi lambar hanyar, inda take kaiwa, waye ke bin ta, da gyaran da kuke shirye ku ɗauka. Auta, labarin Baba irin abin da ya kamata a rubuta ne.

Malam Bakanike, in an sa ranar gayya ta gaba ka sanar da mu da wuri. Ina da tirela ƙarama, sai dai tayoyinta na kwalta ne, ka gaya mini ko za ta kai wurin ko in nemi aro.