Neman shawara: ɗakin ƙananan dawaki, ƙafa 8 ya isa ko in ƙara?

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar dawaki, musamman mazauna nan Amurka. Ina zaune a wajen garin Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, muna da fili eka biyar. Akwai ƙananan dawakin nan guda uku a hannunmu, irin waɗanda tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba: goɗiya biyu da namiji ɗaya dandaƙaƙƙe. Babbar goɗiyar inci 33 ce, da ciki muka saye ta, likita ya ce sai wajen Afrilu za ta haihu. Yanzu a wata tsohuwar rumfa suke kwana, ina so in gina musu barga kafin sanyi ya shigo.

Magini ya kawo mini zane: gini mai faɗin ƙafa 24, tsawon ƙafa 36. Ya yanka ɗakuna takwas, huɗu dama huɗu hagu, kowane ƙafa 8 da 8, hanyar tsakiya ita ma ƙafa 8. Ya ce ma in na ga dama a mai da su 6 da 8, a samu ƙarin ɗakuna. Maiɗakina ta ce sun yi mata ƙanƙanta. Ni kuma ina ganin dabbar da ba ta kai kilo 120 ba, me za ta yi da babban ɗaki? Don Allah wanda ya taɓa ginawa ya faɗa mini gaskiya, kuɗin nan sau ɗaya zan kashe shi.

Baban Barga:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, yau kuru ne da ɗaki nasa na kansa! Ɗana, mu a Katsina ingarman da ake hawan Sallah da shi ma turke ake kafa masa ƙarƙashin rumfa, a zuba yashi, a ajiye masa komi da harawa, shi ke nan. Amma ga abin da na sani, ko'ina doki yake: kada ka auna shi a tsaye. Ka jira ya kwanta ya miƙe ƙafafu, sannan ka duba filin da yake nema in zai yi birgima ya tashi. Wannan shi ne girman doki.

Maman 'Yan Biyu, Teksas:
Baba, Allah ya ƙara girma. A nan ba a ɗaure su a turke su kwana, sakin su ake yi a cikin ɗaki, in ma maƙwabta suka ga doki a ɗaure dare da rana sai su kira hukuma. Amma maganarka ta awo ita ce maganar.

Malam Ɗan Maraɗi, ka saurari maiɗakinka. Ina kiwon irinsu, kuma na ga kowane irin ɗaki a gonakin mutane. Ƙafa 6 da 8 ana yin sa, ba ƙarya magini ya yi maka ba, amma na dokin da yake yini a waje ne, a shigo da shi ya ci abinci ko ya fake wa ruwa. Ƙafa 8 da 8 ya ishi ƙaramin doki ɗaya kwana, in dai bai wuce inci 34 ba. Ka san ƙungiyar AMHA mai rajistar ƙananan dawaki a Amurka, wadda aka kafa a 1978, iyakar tsayin da take karɓa ke nan inci 34, ita kuwa takwararta AMHR tana karɓa har inci 38. To wanda ya kusa 38 ɗin nan, 8 da 8 ya matse shi, sai 8 da 10 zuwa sama. Ba ka faɗa mana tsayin sauran biyun ba.

Inda zanen maginin ya faɗi gaba ɗaya shi ne haihuwa. Ƙananan goɗiyoyin nan sun fi manya samun tangarɗa wajen naƙuda, ɗa ya zo a karkace ko ƙafa ɗaya ta naɗe a baya. In haka ta faru, goɗiya tana kwance, kai kana durƙushe a bayanta, likita na gefe da kayansa, wani na riƙe da kanta. Ka lissafa mutum uku da dabba a cikin ƙafa 8 da 8. Kuma goɗiya ba ta zaɓar tsakiyar ɗaki, sau da yawa sai ta manna gindinta da bango ta kwanta, dole a jawo ta kafin ɗan ya samu hanyar fita. Ɗakin haihuwa kada ya gaza 10 da 10, ni 12 da 12 nake so. Bayan haihuwar ma ɗan duƙushi zagaye uwarsa yake yi a guje tun kwanakin farko, yana son fili.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Hajiya, na gode Baba. Ɗayar goɗiyar inci 31 ce, namijin 35. To in na yi ɗaki ɗaya babba na haihuwa, sauran in bar su 8 da 8 kamar yadda aka zana, ya yi?

Kafinta na Ohayo:
Yallabai, kafin ka amsa wa kanka wannan, tambaya ɗaya: dawaki uku gare ka, me za ka zuba a ɗakuna takwas? Kowane ɗaki ƙofa ne, sakata ne, bango ne, duk kuɗi. Magini ya fi son haka, ba laifinsa ba ne.

Aikina ke nan a nan, ga yadda zan yi da ƙafa 24 da 36 ɗin. A kafa ginshiƙai ƙafa 12 tsakaninsu. Ɗakuna su kasance gefe ɗaya kawai, zurfinsu ƙafa 12, hanya ta ɗauki ragowar ƙafa 12. Ka samu manyan gurabe uku ke nan, kowane 12 da 12, wato daidai ɗakin babban doki. Bangon da zai raba ciki kuwa kada a kafe shi da ƙusa. A ɗaura ƙarfe mai kwarmi a bangon gaba da na baya, a riƙa zura falankai a ciki daga sama, ɗaya kan ɗaya. Ranar da kake son babban ɗaki, ka zare su. Ranar da dawaki suka ƙaru, ka mayar. Gurbi ɗaya a raba biyu ya ba ka 6 da 12 guda biyu. Falanki mai tsawon ƙafa 12 yakan lanƙwashe in doki ya jingina, don haka a ɗaure tsakiyarsu da ƙarfe ko katako a tsaye.

Dalilina biyu. Na farko, kayan gini a ƙasar nan da awonsu suke zuwa. Katako ƙafa 8, 10, 12, 16. Tabarmar robar da ake shimfiɗa wa dawaki ƙafa 4 da 6 ce, kaurinta kusan inci ɗaya saura kwata, nauyinta ya kai kilo 40 ko fiye. Ɗaki 12 da 12 tabarma shida cif, 8 da 12 huɗu, 6 da 12 uku, babu yanka. Amma 8 da 8 sai ka sayi uku ka yanka ɗaya, 10 da 10 kuwa yanka ta ko'ina. Wanda ya taɓa yanka robar nan da wuƙa ba zai so ya maimaita ba, kuma kowace gaɓa da aka yanka wurin da fitsari zai bi ya shige ƙasa ne.

Na biyu, gidan nan wata rana sayarwa za ka yi, ko yara su girma su ce babban doki suke so. Barga mai ɗakuna 8 da 8 da hanya ƙafa 8 ba ta da amfani ga mai babban doki, sai dai ya rushe cikinta. Rufin ma kada ka bari a sauke shi don dawakin gajeru ne, ƙafa 10 zuwa sama. Hanya ƙafa 12 kuma mota ko ƙaramar tarakta za ta shiga da ciyawa har ƙofar ɗaki.

Maman 'Yan Biyu, Teksas:
Malam Kafinta, na yarda da komai ban da 6 da 12. Lissafin faɗin ƙasa ya fi 8 da 8, na sani, 72 ne da 64. Amma siriri ne. Doki in ya yi birgima kusa da bango sai ƙafafunsa su tokare, ya kasa juyawa ya kasa tashi, yana ta shure-shure har gari ya waye. A ɗaki mai faɗin ƙafa 6 ko'ina ya kwanta kusa da bango yake. 'Yar inci 31 za ta iya, namijin nan mai 35 ban ba shi ba. Gurabe biyu ƙafa 24 ne, a raba su uku, kowane 8 da 12. Na ukun a bar shi 12 da 12 na haihuwa.

Kafinta na Ohayo:
Hajiya, za a iya. Sai dai ɗakin tsakiya zai samu ginshiƙi a tsakiyar bangon gabansa, dole ƙofa ta koma gefe. Ba matsala ba ce in an sani tun a zane. Amma kin cinye ƙafa 36 duka, ina zai sa abinci?

Likitan Dabbobi, Zariya:
Salamu alaikum. Ban yi aiki a Amurka ba, na dai yi kwas a can, don haka awon katako na bar wa masu shi. Abu biyu nake so in ƙara, na lafiya.

Hancin ƙaramin doki kusa da ƙasa yake. Zarnin fitsari da ƙura a ƙasa suke taruwa, kai da kake tsaye ba za ka ji ba, shi kuwa shi yake shaƙa duk dare. In aka yi masa ƙaramin ɗaki da dogon bango rufaffe, kamar an sa shi a rijiya ne: ba iska, ba ya ganin 'yan uwansa, sai tari da cin katako. Bangon gaba da ƙofa su tsaya inda zai iya ɗora kansa ya leƙa, wajen ƙafa 3 ga masu sanyin hali. Tsakanin ɗakuna a ƙara tsayi, ƙafa 4, saman ya zama raga ko sanduna domin su ga juna. In sanduna ne, kada a sayi na manyan dawaki, tazararsu ta ishi kofaton ƙarami ya shige ya maƙale. Inci 2 ko ƙasa. Ƙarƙashin ƙofa ma kada a bar rata, jaririnsu ƙanƙane ne sosai, yana kwance zai iya zura ƙafa ko kai.

Na biyun ya fi gaggawa. Malam, yankinku cike yake da ciyawar da ake kira fescue, kuma galibinta tana ɗauke da wata ƙwayar naman gwari a cikin jikinta. Goɗiya mai ciki in ta ci gaba da cin ta har ƙarshe, ciki yakan wuce lokaci, mabiyiya ta yi kauri, nono ya ƙi zuwa. Ana janye ta daga irin wannan makiyaya kwana 60 zuwa 90 kafin haihuwa, busasshiyar ciyawar da za a ba ta ma a tabbata ba ita ba ce. Ka ga ke nan tun daga Janairu goɗiyarka ba za ta riƙa yini a fili tare da sauran ba. Wata biyu ko uku a ɗaki 8 da 8 zalunci ne. Tana buƙatar babban ɗakin, da ƙofa ta baya mai fita wani ɗan shinge da ba ciyawa a ciki. Ka kai samfurin ciyawarka ofishin malaman gona na gundumarku su duba maka, ka kuma yi maganar da likitanka tun yanzu. Shingen nan zai yi wa sauran amfani su ma, domin irin nan ƙiba ke kashe su, sabuwar ciyawar bazara tana jawo musu ciwon kofato.

Baban Barga:
Likita ya yi magana. Ni dai in ƙara da ƙasa: duk inda ruwa ke kwanciya kada a sa doki, kofato ruɓewa yake yi.

Ɗan Maraɗi:
Wallahi maganar ciyawar nan ba wanda ya taɓa faɗa mini, kuma ita ce cike da filin. Allah ya saka da alheri, likita. Baba, ƙasarmu jan yumɓu ce, ruwa na kwanciya sosai, zan sa a ɗaga daɓen da tsakuwa kafin a shimfiɗa roba.

Ga inda na tsaya. Zan bi tsarin Malam Kafinta na ginshiƙi ƙafa 12 da bango mai zarewa. Ɗakin ƙarshe 12 da 12 na mai ciki, da ƙofar baya. Sauran ƙafa 24 a raba uku kamar yadda Hajiya ta ce, biyu na dawaki, na ukun in zuba abinci a ciki tunda babu mai shi tukuna. Akwai abin da na manta?

Kafinta na Ohayo:
Ɗakin abincin kada ya zama na tsakiya, ka kai shi ƙarshe kusa da babbar ƙofa, kuma bangonsa ya rufe har sama. Ƙofofin ɗakuna ƙafa 4, baro ya shiga da kyau. Sakata mai kulle biyu, a ɗaura ta inda baki ba zai kai ba, don 'yan dawakin nan sun iya zare sakata da leɓe, in suka faɗa wa buhun hatsi da dare likita za ka kira da asuba. Wayar lantarki a cikin bututu, fanka a sama saboda zafinku na Yuli. Kafin a haƙa rami ɗaya ka je ofishin gunduma ka ji nisan da suke so tsakanin barga da iyakar maƙwabci da kuma rijiya. In maginin ya gyara zanen ka turo in duba inda ya sa ƙofar ɗakin tsakiya.

Maman 'Yan Biyu, Teksas:
Ka sa kyamara a ɗakin haihuwar tun Maris, a kusurwar sama inda za ta ga dukan ƙasa. Da dare suke haihuwa, kuma cikin mintoci kaɗan ake gamawa. Bokitin ruwa a rataye shi daidai ƙirjin uwar, kada a ajiye a ƙasa inda ɗan zai faɗa ciki. Ka gaida mana maiɗakin.