Neman shawara: yara sun matsa sai an kai su Dom na Hamburg

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a Jamus. Bara muka biyo maigida Hamburg, ni da yara uku, babbar shekararta 11, mai bi mata 7, autan 4. Tun da aka shiga Nuwamba ba ni da sakat a gida, wai an buɗe Dom, bikin nan na lilo da rumfunan abinci, 'yan ajinsu duk sun je sun hau lilo, su kaɗai suka rage. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, tana nan ta zo duba lafiya, ita ma jikokin sun ja ra'ayinta tana cewa a kai su.

Abin da ya hana ni sakewa: wata maƙwabciyata ta ce bikin coci ne. Sannan na ji wurin kusa yake da unguwar mashaya. Ga batun abinci, ban san me zan saya wa yara ba tare da na ɗura musu alade ba. Babban tsorona kuma lilon kansa. An ce ba a kafe yake dindindin ba, kwance shi ake yi a loda a tirela a kai wani gari a sake ɗaurawa. Yaya uwa za ta ɗora ɗanta a kan ƙarfen da makon jiya yake a bayan mota? Kuma nawa ya kamata mutum ya riƙe? Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Ɗinki, Wilhelmsburg:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kai su. Yaran da ke tasowa a nan idan kullum "a'a" suke ji daga gida, ranar da suka yi wayo da abokai za su tafi ba da saninki ba, gara su fara zuwa hannunsu cikin naki.

Maganar coci, sunan ne kawai ya rage, don Dom da Jamusanci babbar coci ake nufi. A da can 'yan kasuwa da masu wasanni suna fakewa cikin babbar cocin garin lokacin sanyi, aka rushe cocin tun farkon ƙarni na 19, daga 1893 kuma aka ba su filin Heiligengeistfeld inda suke har yau. Babu wata ibada da ake yi a wurin, lilo ne da rumfunan abinci. Sau uku ake yi a shekara, na bazara, na rani da wannan na hunturu, kowanne kusan wata guda. Shiga kyauta ne, abin da kika hau kawai za ki biya.

Ki je ranar Laraba, ita ce ranar iyali, ana rage kuɗin lilo da na wasu kayan ciye-ciye. Ƙarfe 3 na rana suke buɗewa, Lahadi ƙarfe 2. A wannan watan la'asar tana shiga wajen ƙarfe 2, don haka ku yi azahar da la'asar a gida, ku isa daidai buɗewa. Kafin 4 da rabi magariba ta yi, fitilu sun kama, yara sun ga abin da suke son gani, 6 kun kama hanya. Ku hau jirgin ƙasa na U3 ku sauka a Feldstraße, kada ku sauka a St. Pauli, waccan ƙofar ita ce ta ɓangaren Reeperbahn, unguwar mashayan da kike jin labari. Ta Feldstraße ba abin da zai haɗa ku da can. Daren Juma'a da Asabar kuwa ba naku ba ne, matasa ne da masu kwalba a hannu. Ki kuma duba ko FC St. Pauli na da wasa a gida ranar, filin ƙwallonsu manne yake da wurin, jirgi kan cika ya batse.

Injiniya, Bochum:
Hajiya, bari in ɗauki batun ƙarfen, don shi ne ya fi damunki kuma tambaya ce mai kyau.

A dokar gine-gine ta Jamus waɗannan lilon suna da babi nasu, ana kiransu Fliegende Bauten, ginin da ake kafawa a kwance a sake kafawa. Kafin sabon lilo ya fara ɗaukar mutane sai masu bincike irin su TÜV sun bi zanensa da lissafinsa, sun gwada shi, sannan a ba shi izini na ɗan lokaci, wanda sai an sake bincike kafin a sabunta. Kowane lilo yana da littafinsa da ke bin sa duk garin da ya je, a ciki ake rubuta bincike da gyara. Idan an kafa shi a sabon fili, hukumar gine-gine ta garin tana da hurumin zuwa ta duba kafin a buɗe, manyan lilo kuwa ba a wasa da wannan. Ni a ganina yawan kwancewar ma yana da amfaninsa: ƙarfen da ake warwarewa kowane 'yan makonni, hannu na taɓa kowace mahaɗa, tsaga ba ta daɗe tana ɓuya.

Ba zan ce miki haɗari bai taɓa faruwa ba. A wannan Dom ɗin na Hamburg, a watan Agustan 1981, wata ƙugiyar ɗaga kaya da ake gyara da ita ta shiga hanyar wani lilo yana cikin juyawa, mutum 7 suka rasu. Har yau ana tuna shi a matsayin mafi muni a irin waɗannan bukukuwa a ƙasar nan bayan yaƙi. Amma irin wannan ba kasafai ba ne. Raunukan da aka fi samu daga mahaya suke fitowa: yaro ya miƙe tsaye ana tafiya, ko a sauko kafin abin ya tsaya cak, ko uba ya yi ta roƙo a bar ɗansa ya hau abin da tsawonsa bai kai ba. A bakin kowane babban lilo akwai allo mai nuna shekaru ko tsawon da ake buƙata. Idan mai lilo ya ce yaronki bai kai ba, ki yi masa godiya ki wuce, ƙarfen da ke danne cinya an auna shi ne da jikin da ya kai wannan tsawo.

Abu ɗaya da allon ba zai faɗa miki ba: mayafi. Dogon hijabi ko gyale mai reto a cusa shi cikin rigar sanyi a ja zif, musamman a lilon sarƙa da motocin karo. A cire allurar ɗankwali mai tsini. Hajiya babba idan tana da hawan jini ko ciwon baya, Riesenrad ya ishe ta, wannan babbar tayar da ke juyawa a hankali, daga sama za ta ga tashar jiragen ruwa da hasumiyar cocin Michel.

Malam na Bremen:
Ni dai ra'ayina ya ɗan bambanta, kuma ina faɗa ne don Allah. Muna da namu a nan Bremen, Freimarkt, wanda suke ƙirga tarihinsa tun 1035, bayan tashar jirgin ƙasa ake yin sa a Oktoba. Na san yanayin wurin. Kiɗa ne ta ko'ina, giya a fili, cakuɗuwa ba iyaka. Wanda ya iya haƙura ya kai yaransa gidan namun daji ko wurin wasan unguwa, ya fi mini kwanciyar rai. Idan kuma an yanke za a je, to a kiyaye abu biyu. Kada magariba ta wuce saboda lilo. Sannan a nisanci rumfunan ƙuri'a, waɗanda ake sayen 'yan takardu a naɗe a buɗe ko za a ci ƙatuwar 'yar tsana. Ka ba da kuɗi kan abin da ba ka san za ka samu ko ba za ka samu ba, wannan caca ce ko da an yi mata ado da fitila, kuma yaro da ita yake fara koyo.

Anti Mai Ɗinki, Wilhelmsburg:
Malam, maganar ƙuri'a gaskiya ce, na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. Amma giyar nan a babban kanti ma tana jere kusa da ruwan sha, ba mu daina cefane ba. Lokaci ake zaɓa. Wanda ya je ƙarfe 3 ranar Laraba kekunan jarirai zai yi ta kaucewa, ba mashaya ba. Sallah kuma, U3 ɗin nan dai ita za ta kai su Hauptbahnhof, babbar tashar jirgin ƙasa, masallatai na nan a St. Georg ta wajen Steindamm, ko su riƙe alwala su nemi gefe mai tsabta.

Ɗan Zango, Billstedt:
Maman Ummi sannu da ƙoƙari. Ni ta wajen ciki zan taimaka, don na taɓa aikin wanke-wanke a wata rumfar abinci a irin wannan fili.

Sosej ɗin da ake gasawa a kan babban faranti mai reto, ki ɗauka alade ne har sai an tabbatar miki da akasin haka. Ko sun ce akwai na kaza ko na sa, waya ɗaya ake gasawa, da awartaki ɗaya ake juyawa. Ki wuce kawai. Abin da babu fargaba: masara dafaffiya da man shanu, alawar auduga, ayaba ko inabi da aka tsoma a cakulan, gyaɗa da almon da ake soyawa da sukari a tukunyar tagulla a gabanki. Wannan almon ɗin ki saya da zafinsa a cikin 'yar takarda mai tsini, yana ɗumama hannu, sai dai ki zaɓi na asali, don akwai masu ɗanɗanon barasa irin Amaretto a jere kusa da shi. Hamburg garin kifi ne, burodi da kifi yana ko'ina. Soyayyen kifin da ake tsomawa a ƙullu kuwa ki tambaya, wasu da giya suke kwaɓa ƙullun. Akwai Schmalzkuchen, 'yan ƙananan fanke da ake barbaɗa wa garin sukari, yara na son su sosai. Asalinsu da kitsen alade ake soyawa, yanzu da yawa man tsirrai suke sawa, ki ce "Pflanzenfett?" za su gaya miki gaskiya, Bajamushe ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Alawa mai danƙo ta rumfunan zaƙi yawanci da gelatin ɗin alade ake yi.

Inda baƙi suka fi faɗawa a hunturu shi ne abin sha mai zafi. Jan abin nan mai ƙamshin kanumfari da kowa ke riƙe da shi a kofi, Glühwein, giya ce aka dafa. Na yara sunansa Kinderpunsch, shi babu komai. Koko ma ki ce "ohne Alkohol", don akwai wanda ake zuba wa barasa. Za a caje ki kuɗin kofi a kan kuɗin abin sha, idan kin mayar da kofin a mayar miki, kada ki bar musu.

Ɗaliba a Munich:
Anti, batun kuɗi: ki riƙe tsaba, ba kowace rumfa ke karɓar kati ba. Lilon ƙananan yara Yuro 3 zuwa 4 ne, manyan kan kai 7 ko 8, wasu su haura 10, kuma kowane kai ne, kowane hawa. Da yara uku, kafin ki ankara Yuro 100 ta tafi. Dabarar da yayata ke yi, tun a gida take ba kowane yaro kuɗinsa a ambulan, kuma sai an zaga filin gaba ɗaya an gani kafin a hau komai. Zagayen Dom ya kai kilomita ɗaya da rabi, rumfuna da lilo sun haura 200, yaron da ya ƙarar da nasa a ƙofa zai yi kuka a tsakiya. A ƙaramin akwatin gilashi da ke gefen lilo ake biya, a ba ki 'yar roba ko tikiti, yaron lilo ya bi ya karɓa bayan an zauna. Bayan gida ma da kuɗi, ki tanadi sulalla.

Masu lilon nan sun burge ni ƙwarai. Sana'ar gado ce, iyalai ne da ke kwana a manyan motocin gida a bayan lilonsu, kamar 'yan koli masu bin kasuwa-kasuwa: Yuli suna Düsseldorf a bakin kogin Rhine, Agusta Herne, Satumba nan Munich ko Stuttgart, Oktoba Bremen, Nuwamba wajenku. 'Ya'yansu makarantar duk garin da aka sauka suke shiga, da littafin da malamai ke rubuta inda aka tsaya. Oktoberfest ɗinmu da aka fara a 1810 ya fi suna, amma rumfunan giya sun mamaye shi, naku na Hamburg ya fi dacewa da mai yara.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida, ya ce Laraba mai zuwa zai tashi aiki da wuri mu tafi tare, in sha Allahu. Malam, na riƙe maganarka, ba ƙuri'a, kuma da alwalarmu za mu fita. Saura abu ɗaya: autan nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko a kanti sai ya sulale. Idan ya ɓace a cikin taron fa?

Anti Mai Ɗinki, Wilhelmsburg:
Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun rigarsa, ki kuma rubuta a damtsensa da biro. Kafin ku fita ki ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu. Manyan biyun ki nuna musu Riesenrad, daga ko'ina ana hango ta, ki ce duk wanda ya rabu da ku ya tsaya a wajen biyan kuɗinta. Shi ƙaramin ki koya masa ya je wurin mai rumfa ko ɗan sanda, kada ya bi kowa. Akwai ofishin 'yan sanda da masu agajin gaggawa a cikin filin, can ake kai yaran da aka tsinta. Ki tafi da keken yara ko da yana ganin ya girma, in ya gaji zai nema da kansa, Hajiya ma ta samu abin dafawa. Safar hannu da hular sanyi ga kowa, iskar saman tayar nan ba irin ta ƙasa ba ce.