Neman kalma: me za mu kira "safari" da Hausa?

Mai Gabatarwa: Salamu alaikum. Malamai a taimaka, gobe da ƙarfe 9 na safe zan naɗi shiri a kan yadda iyali za su tsara gajeriyar tafiya a mota, ta kwana biyu ko uku, zuwa gandun namun daji. Sauran duk sun zauna: a duba mota da safayar taya, a cika tanki kafin a bar gari na ƙarshe, a kama ɗaki da wuri, a isa kafin a rufe ƙofa da faɗuwar rana. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, safari. Ina nufin fitar nan da ake yi a cikin gandun, mota na tafiya a hankali ana kallon dabbobi.

Ɗan Jarida: Yawon buɗe ido mana.

Mai Gabatarwa: Na riga na ba tafiyar gaba ɗayanta wannan sunan. Wanda ya je kallon dalar Masar ma ai yawon buɗe ido ya je.

Ɗalibin Fassara: Safari kalmar Swahili ce, ma'anarta tafiya, su ma daga Larabci suka samo ta. Mu ma muna da 'yar uwarta a gida, safara. Me zai hana?

Direba: Ƙanena, rufa mata asiri. Ta ce a rediyo iyali sun tafi safarar namun daji, kafin a gama shirin an fara neman su da laifin fasa-ƙwaurin hauren giwa. Safara a kunnen mutanen yau ta makamai ce da ta ƙwayoyi.

Tsohon Malami: Abin da ke damuna da yaran yanzu ke nan, kalma na kwance a gida sai a tafi aro. Kilisa fa? Fita ce ta nishaɗi, a kan abin hawa, ba gaggawa, a zaga a dawo inda aka tashi. A ce kilisar dawa. Na daɗe ina koyar da ita haka.

Direba: Allah ya gafarta Malam, ta ɓangaren rashin gaggawa ka yi daidai. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu doka ce ma, kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji, kuma ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Amma mai kilisa shi ake kallo, da dokinsa da adonsa. A nan kuwa so kake kada ko barewa ta damu da zuwanka. Ka kashe inji a bakin mashaya, ka yi shiru, ka jira. Hajiya, ki sa wannan a shirinki: fita biyu ake yi, da sassafe da kuma bayan la'asar, don da rana tsaka dabbobi na cikin inuwa. Da rani an fi ganinsu, ciyawa ta kwanta, ruwa ya ragu, dole su taru inda ya saura.

Mai Gabatarwa: Na gode Yaya, na rubuta. Malam, wata matsalar kuma, rubutun zai hau intanet. Mai karatu ya ga "dawa" ba alamar karin sauti, sai ya ɗauka ta gona ce.

Tsohon Malami: Wanda ke cewa naman dawa tun yana yaro ba zai ruɗe ba. Wanda ya ruɗe kuwa ya koma aji.

Ɗan Jarida: Rangadi fa? Rangadin daji.

Tsohon Malami: Rangadi na hakimi ne da gwamna. Giwa ba talakawanka ba ce da za ka je duba ta.

Ɗalibin Fassara: Ni dai a bar safari yadda take. Faransawa da Jamusawa duk haka suke faɗa, ba wanda ya ce harshensu ya mutu. Kalmar Afirka ce ma. Malam da kansa mota yake cewa, bai ce keken wuta ba.

Tsohon Malami: Yaro, mota ta zo ne ba mu da ita. Daji kuwa da shi aka haife mu. Masu Swahili sun tsaya wa harshensu har duniya ta ara daga gare su, mu kuma kullum hannu a miƙe. Wannan "gandun daji na ƙasa" da kuke faɗa ma ban yarda da shi ba, sai ka ce akwai na sama.

Ɗan Jarida: Wannan kam ba za a taɓa shi ba, Malam, don yana da aiki. Yana nuna gwamnatin ƙasa ce ke riƙe da wurin, kamar Yellowstone da Amurka ta keɓe a 1872, ko Serengeti ta Tanzaniya. Yankari ta zama ta ƙasa a 1991, a 2006 ta koma hannun jihar Bauchi. Ka cire "na ƙasa", da me za mu ba da wannan labarin?

Ɗalibin Fassara: Kuma masu cewa harshe na mutuwa, yawancinsu 'ya'yansu ba sa iya karanta shi.

Tsohon Malami: Da wa kake?

Mai Gabatarwa: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Ga abin da zan yi. A farkon shirin zan ce "zagayen kallon namun daji, wanda aka fi sani da safari". Daga nan sai zagayen safe da zagayen yamma kawai.

Direba: Ya yi. Kowa zai gane.

Tsohon Malami: Wannan bayani ne, 'yata, ba kalma ba ce, kalmomi huɗu a wurin ɗaya. Amma tunda lokaci ya ƙure, je ki da shi. Ni dai a ajina kilisar dawa ce.

Ɗan Jarida: Saura jami'in nan mai bindiga da ke raka masu zagayen. Mai gadin daji za ki ce ko ɗan rakiya?

Mai Gabatarwa: Wayyo, shi ma yana shafi na biyu.