Wa ya taɓa neman salon haruffan wata hukuma don amfanin kansa?

Mai Taswira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zana taswirar layukan jirgin ƙasa da zan rataya a ɗakina, ba ta sayarwa ba ce, kuma ina so rubutun ya fito da ainihin haruffan da ake gani a tashoshi. Na rubuta wa hukumar sufurin da ke da su, suka ce sai masu yi musu aiki suke ba wa. Akwai wanda ya taɓa dacewa?

'Yar Maɗaba'a: Wa alaikumus salam. Ni na samu, amma ta hanyar kwangila, lokacin da muka buga wa wata hukuma a Birtaniya takardun sanarwa. Sai da na sa hannu a yarjejeniya: aikin nan kaɗai, a kwamfutocin da aka lissafa, kuma in goge fayil ɗin da zarar an gama. Ranar da muka miƙa aiki na goge shi, raina bai so ba, don ban taɓa ganin haruffan da suka zauna a takarda haka ba. Amana ce dai.

Ɗalibin Shari'a: Ni ta dokar 'yancin samun bayanai ta Birtaniya ta 2000 na bi. Sun amsa cikin kwanakin aiki 20 da doka ta gindaya, suka ƙi, suka kafa hujja da sashe na 43 mai kare muradun kasuwanci. Ka kuma sani, ko da sun ba ka, dokar ba ta mayar maka da haƙƙin mallaka. Sau da yawa ma hukumar ba ita ce mai kayan ba, lasisi ta saya. Dubi haruffan GDS Transport na GOV.UK, wato shafukan intanet na gwamnatin Birtaniya: tushensa haruffan da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana wa allunan titi tsakanin 1957 da 1963, kuma lasisinsa bai wuce shafukan gwamnati ba.

Mai Taswira: Amma malam, ba kuɗin jama'a aka kashe ba?

Ɗalibin Shari'a: Da shi aka biya, gaskiya ne. Sai dai ka tuna da 'yan damfara. Wanda ya samu haruffan gwamnati ya yi rabin aikin ƙirƙirar wasiƙar haraji ta bogi. Faransa ma ta keɓe haruffan Marianne, da ta fitar a 2020, ga hukumominta kawai. A nan ina bayansu.

Hajiya Mai Zane: Ƙanena, ban san wadda ka nema ba, amma ni haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ne suka sace min zuciya. Edward Johnston ya zana su, aka fara amfani da su a 1916. Ka lura da ɗigon kan "i", ba zagaye ba ne, siffar lu'ulu'u gare shi, ita kuwa "O" da'ira ce cikakkiya. Ban wahalar da kaina da roƙo ba. P22 Underground na saya, wato samfurin haruffan Johnston na kasuwa, wanda aka fitar a 1997 da izinin gidan tarihin sufurin Landan. Na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris ma, wato Parisine, ana sayar da shi ga kowa. Ka bincika, wataƙila naka na da ɗan'uwa a kasuwa.

Malamin Kwamfuta: Ga na kyauta kuma halal: Public Sans, da gwamnatin Amurka ta saki a 2019 da buɗaɗɗen lasisi. Da shi nake tsara takardun ɗalibaina. In taswirar da Hausa za ka rubuta, kafin ka biya ko sisi ka buga ɓ, ɗ da ƙ a wurin gwaji. Na taɓa ganin fosta da duk ƙ ɗinta suka koma akwatuna. Noto Sans da Andika suna da su.

Mai Taswira: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, zan fara da shawararki, in na gama zan ɗora hoton ku gani.