Neman kalmar Hausa: me za mu kira "staid"?

Salamu alaikum malamai da 'yan uwa masu aikin fassara. Kwana uku ke nan kalmar Turancin nan staid ta tsaya min a rai, ina so mu tsayar da magana a kanta.

Tushenta stay ne, wato tsayawa, har lafazinta ɗaya ne da stayed. Tun ƙarni na 16 Turawan Ingila ke faɗin ta ga mutumin da ya zauna daram, ba rawar kai, ba bin yayi. Sai dai idan Bature ya kira wani staid, yabon nasa da ɗan ƙorafi a ciki. Yana nufin mutumin kirki ne, amma zama da shi ba armashi, kuma sabon abu ba ya burge shi.

Ba mutum kaɗai ake faɗa wa ba, har banki da jarida. Jaridar The Times ta Landan, har zuwa 1966 ƙananan tallace-tallace ne ke cike shafinta na farko, labarai suna ciki. Duniya ta canza, ita a lokacin tana nan yadda kakanni suka bar ta.

Na fara gwada natsattse, ban gamsu ba. Yarinya 'yar shekara 15 ma ana ce mata natsattsiya, kuma yabo ne zalla. Kamun kai kuwa maganar guje wa abin kunya ce. Wani malami ya ba ni shawarar ra'ayin 'yan mazan jiya. Na gode Malam, amma kunnen Bahaushe ya saba jin wannan a labaran siyasa, ga shi staid maganar hali ce, babu ruwanta da jam'iyya.

Da na rufe ido, kawuna na gani. Farar riga, hula iri ɗaya shekara da shekaru, tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, rediyo a gefe. Ba ya ɗaga murya, ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba, duk rigimar unguwa gabansa ake kawo ta. Amma da aka saya masa babbar waya, sai ya mayar da ita kwalinta ya ce tsohuwar tana kira ai. Muna girmama shi ƙwarai, kuma yara ba sa daɗewa a zaurensa.

Dattaku ne wannan, babu shakka, amma dattaku kaɗai ba ya ɗauke da ƙorafin nan. Shi ya sa nake ganin mu haɗa shi da riƙau, wadda muka sani daga ra'ayin riƙau, mu ce dattakun riƙau. Mutum ya zama dattijon riƙau, jarida ko banki kuma mai dattakun riƙau. Ku gwada a baki: "Bankin nan mai dattakun riƙau ne, kuɗinka ba zai salwanta ba, amma kada ka sa ran sabon tsari."

Ni dai ta zauna min. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, da mutanen Sakkwato, idan akwai kalma guda da kakanninku ke faɗa wa irin kawun nan nawa, don Allah ku kawo ta, zan ajiye tawa.