Da wane suna za mu kira finafinan "art-house" a rediyo?

Mai gabatarwa: Salamu alaikum. Gobe da yamma zan naɗi shirin rediyo a kan finafinan da Turawa ke kira "art-house", irin waɗanda ake kaiwa bikin Cannes a Faransa. Na rubuta "finafinan gidan fasaha", amma ko a kunnena bai zauna ba. Malamai, a taimaka kafin dare.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Fara cire "gidan" nan. Asali sunan ƙananan gidajen silima ne masu nuna irin waɗannan finafinai, daga baya sunan ya bi finafinan. Mai sauraro ba ruwansa da gida. "Finafinan fasaha" ya isa.

Malamar Hausa: Kimiyya ta riga ta janye fasaha. Ka faɗi haka a rediyo, rabin mutane za su ɗauka labarin kwamfuta da injuna ne. Ni "finafinan nazari" nake gani.

Ɗalibar fim: Malama, kafin a zaɓa a duba me ke cikin finafinan. Ku ɗauki na daraktan Italiya Vittorio De Sica na 1948, wanda sunan fim ɗin ke nufin ɓarayin keke. Wani magidanci a birnin Roma ya samu aikin liƙa takardun talla bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma sai mai keke ake ɗauka. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta kai jingina don a fanso kekensa. A wurin jinginar sai ka ga ma'aikaci yana hawa kanta bayan kanta, duk cike da ƙunshin zannuwan wasu talakawan, har kusan rufi. Ba wanda ya ce ko kalma kan talauci, idonka ne ya gaya maka. Ranar farko aka sace keken. Ƙarshe shi ma ya kai hannu kan na wani, aka kama shi a gaban ƙaramin ɗansa, mai keken ya ce a sake shi, uba da ɗa suka shige cikin taro. Keke bai dawo ba, ɓarawo bai sha hukunci ba. Kuma wanda ya fito a uban ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki wannan: fim ne da ke barin ka da tambaya.

Dattijo: Duk kun tsallake babban laifi. "Fim" ba Hausa ba ce. Muna da majigi tun kafin a haife ku. Ku ce "majigin hikima". Na daɗe ina amfani da ita, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Bazazzagi: Allah ya gafarta Malam, majigi ma baƙuwa ce. Daga "magic" ta fito, sunan fitilar nuna hotuna ta Turawan mulki. Kuma a kunnen mutanenmu majigi shi ne motar gwamnati da ke nuna tsafta da noma a ƙofar fada.

Dattijo: Baƙon da ya shekara tamanin a gida ɗan gari ne. Yaro, ka ji yadda take zama a baki: majigin hikima. Ku ne kuke jin kunyar harshenku, shi ya sa kowace jimla sai kun ɗauko aro.

Malamar Hausa: Baba, ba kunya ba ce. Fim, silima da rediyo duk sun bi ƙa'idar harshen, har jam'i fim ya yi, finafinai. Abin da ya yi jam'in Hausa ya zama namu.

Badamagare: Mu a Nijar da Faransanci muka san su, "art et essai", wato fasaha da gwaji. Wannan gwajin na da muhimmanci, don darakta yana gwada hanyar ba da labari da kasuwa ba ta saba da ita ba. Kuma kada a gabatar da abin kamar na Turawa ne kaɗai. Oumarou Ganda namu ya kai fim ɗinsa Cabascabo Cannes a 1969, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indochina kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse. A 1972 kuma ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu. Me zai hana "finafinan gwaji"?

Mai gabatarwa: Ɗan'uwa, na gode da batun Ganda, zai shiga shirin. Amma "gwaji" a nan za a ji kamar aikin ɗan koyo.

Ɗan Kannywood: Ni abin da ya dame ni daban ne. In waɗancan ne na hikima ko na nazari, namu na mene ne? Na rashin tunani? Kullum haka masu boko ke yi mana. Ku zo ku ga yadda ake haɗa fim da kuɗin da bai kai na shayin waɗancan ba.

Ɗalibar fim: Yaya, ba raini ba ne. Indiya ma haka take. Satyajit Ray ya fitar da Pather Panchali a 1955 da ɗan kuɗi kaɗan da 'yan wasa da yawansu ba ƙwararru ba, a lokacin da Bombay ke zuba finafinan rawa da waƙa. Dukansu na Indiya ne, manufa ce ta bambanta. Ɗaya yana warware maka ƙulli kafin ka tashi, ɗaya yana ba ka ƙullin ka tafi da shi gida. Abbas Kiarostami na Iran, a fim ɗin da ya ci kyautar Cannes a 1997, labarin mutumin da ke shirin kashe kansa yana neman mai binne shi, bai ma gaya mana ko ya mutu ba.

Ɗan Kannywood: To a sa wannan bayanin a shirin. Amma "hikima" kam ban yarda ba.

Dattijo: Ba a tambayi yardarka ba.

Malamar Hausa: A yi haƙuri, bawan Allah nan yana da naɗi gobe. "Nazari" ba ta yabi kowa ba, aikin da ke kan mai kallo ta faɗa. Ka ce "finafinan nazari, wato waɗanda ba don kasuwa aka yi su ba, masu barin mai kallo da tambaya" a karon farko, daga nan ka ci gaba da gajeren.

Bazazzagi: Har yanzu tana min ƙamshin aji da jarrabawa, amma ba ni da wadda ta fi ta yau.

Mai gabatarwa: Na ɗauki "finafinan nazari" don shirin gobe. In masu sauraro suka kira da wata, zan kawo ta nan. Allah ya saka da alheri.

Dattijo: Ku yi yadda kuka so. Ni a rubutuna majigin hikima zan ci gaba da sawa.