Kamun kifi a kan ƙanƙara: me kuke sa wa ƙugiya don wolai da ƙananan kifaye?

Sabon Zuwa, St. Cloud

Assalamu alaikum. Wannan ne hunturuna na farko a Minnesota, kuma abokan aiki sun dame ni sai na bi su kan tafki idan ya daskare. Lasisi na riga na yanka. Da na leƙa shagon kayan kamun kifi sai na tarar da bango guda cike da ƙugiyoyi, launi iri-iri, kowace da kuɗinta, na rasa ta inda zan fara. Wolai (walleye) nake so, babban kifin nan mai farautar ƙananan kifaye, da kuma ƙananan nan na suya: bulugil (bluegill), kirafi (crappie) da pac (perch). Don Allah waɗanda suka riga ni, ku faɗa mini abin da ya yi muku aiki da hannunku.

Ɗan Yawuri, Bemidji

Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da raba su gida biyu, don kayan wolai daban, na ƙananan daban. Zan yi maka maganar ƙananan, su na fi sani.

Mu da muka tashi a bakin Kwara mun saba a cika ƙugiya da tana a jefa, tarwaɗa ta zo ta haɗiye. A nan ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara sanyinsa bai wuce digiri 4 ba ko a can ƙasa, jikin kifi ya yi sanyi, ba ya bin abinci da gudu. Bulugil zai zo ya tsaya gaban ƙugiyarka yana kallo, ya ɗan tsotsa, ya tofar kafin ka ankara. Bakinsa kuma ɗan mitsitsi ne. Saboda haka ƙaramar ƙugiya mai ɗan kai mai nauyi nake sawa, milimita 3 ko 4, ta ƙarfen tangistin. Tangistin ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙugiyar take zama ƙarama amma ta nutse da sauri, ta ratsa dusar ƙanƙarar da ke taruwa a bakin ramin da aka huda a ƙanƙara. Zare kuwa siriri, mai ƙarfin ɗaukar nauyin fam 2 ko 3. In ka sa mai kauri, ƙugiyar ba za ta miƙar da shi ba, zai riƙa naɗewa, kuma ba za ka ji cizo ba.

A kan ƙugiyar tsutsa nake sawa. Akwai fara mai taushi, 'yar lukuta, wadda asalinta ɗiyar asun nan ce mai ɓata saƙar zuma, masu amya a gida sun san ɓarnarta. Guda ɗaya ta isa. Ka soke ta ta kai, ka ɗan matsa ta ruwanta ya fito, ƙamshin ne ke jan kifi. Akwai kuma tsutsar ƙuda, ƙarama, mai taurin fata, wata fara wata ja. Ita biyu ko uku nake sokewa ta ɓangaren da ya fi kauri, don su ci gaba da motsi. Ta fi jure cizo, za ka iya kama kifi da dama ba ka sake ta ba. Duk biyun ka ajiye gwangwaninsu a aljihun ciki, in suka daskare sun tashi aiki.

Maman 'Yan Biyu, Minneapolis

Malam ya yi bayani, amma ni dai na rabu da tsutsa. Da yara nake fita, kuma duk wanda ya taɓa cire safar hannu cikin sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri don ya soke tsutsa ya san abin da nake nufi. 'Yar roba mai siririyar jela nake sawa, ja ko fara. Ko hannu ya ɗan yi rawa jelar tana kaɗawa, ba ta mutuwa, ba ta daskarewa.

Kirafi muka fi nema, a ƙananan tafkunan da ke kewayen birni. Abin da na lura da shi, kirafi ba a ƙasa yake kwanciya ba. A ruwa mai zurfin ƙafa 25 sai ka same su sun yi gungu a tsakiya, ƙafa 15 ko kusa da haka, kuma sama suke kallo. In ƙugiya ta sauka ƙasansu, an yi aikin banza. Sai a tsayar da ita ɗan samansu, a riƙa janyewa sama a hankali, wanda yunwa ta fi damu shi zai biyo. Cizonsa ma na ban mamaki ne. Sau da yawa ba ja yake ba, ɗagowa yake da ƙugiyar, sai ka ga 'yar siririyar wayar ƙarfen da ake maƙalawa a bakin sanda don nuna cizo ta miƙe, zare ya saki. Wannan shi ne cizon. A ɗaga a hankali, leɓensa ba ƙwari, in aka fizga sai ya yage.

Da rana ta kusa faɗuwa sai mu koma ƙugiya mai haske a duhu. Ana haska ta da tocila kafin a zura.

Ɗan Yawuri, Bemidji

Hajiya, ban ƙi taki ba. Farkon ƙanƙara, a Disamba, da kuma ƙarshenta a Maris, roba tana kama kifi har ta fi tsutsa sauri, tunda ba tsayawa sake abinci. Amma ki gwada tsakiyar Fabrairu, lokacin da dusar ƙanƙara ta toshe haske, ciyawar ruwa ta mutu, iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ƙananan tafkuna. A ranakun nan na sha zama kusa da masu roba, kifi yana zuwa yana shinshinawa yana wucewa, ni kuwa da tsutsar ƙuda ɗaya tak ina ciro su ɗai-ɗai. Ki riƙe robarki, ki dai saka gwangwani ɗaya a aljihu.

Direban Tirela, Fargo

Ni kuwa wolai ne ya hana ni zama gida ranar hutu. Shi ne kifin jihar Minnesota a hukumance, kuma in ka ci soyayyensa za ka gane dalili. Lake of the Woods nake zuwa, ta wajen Baudette, kan iyakar Kanada.

Dokar Minnesota ta yarda mutum ya zura zare biyu in kan ƙanƙara yake, don haka rami biyu nake hudawa kusa da juna. A na farko ina riƙe da sanda mai cokali, wato ɗan ƙarfen nan mai walƙiya da ƙugiya mai baki uku. Wanda ya fi mini aiki shi ne Buck-Shot na kamfanin Northland, yana da 'yar ƙararrawa a ciki. Ba na sa masa kifi sukutum. Kan ɗan kifi kawai nake tsinkewa in soke a baki ɗaya, don in aka sa duka jikin, cokalin ba ya juyawa yadda ya kamata, wolai kuma sai ya kama jela ya tafi da ita. A rami na biyu ƙugiya ce zalla da ɗan kifi mai rai, na soke shi ta baya kusa da ƙayar gadonsa, na rataye shi kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, ban taɓa sandar. Cokali ne mai kira, amma a ranakun da kifi ya yi nauyin baki, wanda na bari shiru shi ake ci.

Yadda ake kaɗa shi ya fi launinsa muhimmanci a wurina. Ka fizga sama kamar ƙafa ɗaya, ka saki ya faɗo da kansa, ka tsaya cik. Cikin tsayuwar nan yake kamawa. Wani lokaci in sauke shi ya bugi laka sau biyu ko uku ƙura ta tashi, sannan in ɗaga kaɗan. Ruwan tafkin can ja-ja ne, haske ba ya ratsa shi sosai, don haka da rana tsaka ma ana samu. Launin cokali kuwa, ruwan zinariya, ruwan hoda da ja mai haske a duhu su nake fara gwadawa. Ka tafi da abin awo: a can, wolai da ya kai inci 19.5 zuwa 28 sai an mayar da shi ruwa nan take.

Ɗan Baga, Winnipeg

Kowa sai cewa yake ƙarami, ƙarami. Ku zo Tafkin Winnipeg ku ga. Wolai ɗinmu na nan bayansa kore ne shar, kuma manya ne. Tafkin faffaɗa ne, ba zurfi sosai a kudancinsa, ruwan kuma gurɓatacce. Kifin yawo yake yana bin garken ƙananan kifaye, in ba ka yi ƙara ba bai san kana wurin ba. Abin da nake zurawa kifin roba ne mai tauri, tsawonsa kusan inci 3, cikinsa cike da 'yan ƙwallaye, irin su Rippin' Rap na Rapala. In na fizge shi har ta cikin sanda nake jin kukansa. Wani zai taso daga gefe ya hau shi ba sallama. Wanda ya zo ya tsaya yana shakka kuwa, sai in sauke masa ƙugiya mai kai da ɗan kifi mai gishiri a ɗaya ramin. Daskararru ake sayar da su a roba, gishirin yana ƙara musu tauri ba sa saurin zamewa.

Mai zuwa daga Amurka ya sani, a Manitoba dole ne a danne 'yar ƙayar da ke bakin ƙugiya da filaya. Tunda ba ƙaya, in ka sassauta zare ko na ƙiftawar ido, kifi ya tafi. A Maris kuma ƙanƙarar kan yi kaurin da sai an ƙara wa injin hudawa tsawo.

Malamar Kimiyya, Duluth

Yaya Ɗan Baga da Yaya Direba duk a ruwa mai duhu suke kamu, kada sabon zuwa ya ɗauki nasu ya kai tafki mai garau ya dawo hannu rabbana. Wolai yana da wani shimfiɗi a bayan idonsa mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Yana gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake farauta, don haka a ruwa mai haske lokacin cinsa gajere ne: ketowar alfijir, da kuma daga faɗuwar rana zuwa ɗan bayanta. A irin wannan ruwan ƙara mai yawa korarsa take yi. Ni Jigging Rap nake sawa, ɗan kifin bogi mai ƙugiyoyi a jikinsa, mai launin azurfa ko na pac. A kwance yake rataye, in aka ɗaga aka saki sai ya zagaya ƙarƙashin rami ya dawo tsakiya. Kada a sake taɓa shi sai ya gama lilo ya tsaya.

Matsalar kawai, cin nasa daidai yake faɗowa da magariba, wadda a Disamba take yi mana tun kafin ƙarfe biyar. Da alwalata nake fitowa daga gida, in shimfiɗa darduma kan katifar roba a cikin tanti, maigida ya kula da sanduna, sannan mu yi canji.

Abu biyu kuma nake roƙo. Kirafi ko pac da aka ciro daga zurfin da ya wuce ƙafa 30, jakar iskar cikinsa kumbura take, ko an mayar da shi da wuya ya rayu. In a can kuke kamu, ku ɗauki na ci ku tashi. Sannan in da hali a rage dalma. Tsuntsun ruwan nan lun, wanda shi ne tsuntsun jihar, yana haɗiye 'yan dalmar da suka tsinke a ƙasan tafki, kuma guda ɗaya tana iya kashe shi.

Ɗalibi, Grand Forks

Ba wanda ya taɓo pac sosai. Mu Devils Lake muke zuwa a North Dakota, inda suke ƙiba da ƙananan jatan lande na ruwan daɗi. Pac a ƙasa yake kiwo, yana tonon jajayen tsutsotsi cikin laka, kuma garke yake tafiya. In suka zo, minti kaɗan gare ka kafin su wuce, don haka abin da zai koma ƙasa da sauri ake so. Ƙaramin cokali nake amfani da shi, irin Swedish Pimple, na cire ƙugiyarsa na ɗaura 'yar sarƙa mai tsawon inci 2 da ƙaramar ƙugiya a ƙarshe, da tsutsar ƙuda. Cokalin ya ja hankalinsu, su kama abin da ke reto a ƙasansa. In tsutsa ta ƙare, idon pac ɗin da muka riga muka kama muke sawa, yana daɗewa a ƙugiya ƙwarai.

Direban Tirela, Fargo

Ɗalibi, wannan dabarar ido ta tsaya a gefenmu na kogin da ya raba jihohin biyu. A North Dakota halas ce, amma a Minnesota an hana sa wani sashe na irin waɗannan kifayen a ƙugiya. Mai tambaya a St. Cloud yake, kada mu ja masa tara.

Sabon Zuwa, St. Cloud

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. To Baba Ɗan Yawuri, in aljihu bai da nauyi, me zan fara saya?

Ɗan Yawuri, Bemidji

Ƙugiyar tangistin uku ko huɗu, ka haɗa da mai ruwan zinariya da mai haske a duhu, da gwangwanin tsutsa. Na wolai kuma cokali biyu, zare mai ƙarfin fam 6, da 'yan kifi masu rai daga shagon da ya fi kusa da tafkin, ka tambayi mai shagon zurfin da ake samu a makon. Ragowar 'yan kifin ba a zuba su a rami, doka ta hana, a shara ake zubarwa. Na'urar ganin kifi irin Vexilar tana da tsada, ka zauna kusa da mai ita tukuna ka ga yadda kifi ke tasowa ya bi ƙugiya ko ya juya. Ka kuma kula da kwanan wata, a yawancin tafkunan cikin jihar ana rufe kamun wolai ranar Lahadin ƙarshe ta Fabrairu, ƙananan kuwa ana ci gaba.

Kafin duk wannan, kada ka taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, kuma sabuwa garau ake nufi. In fara ce mai haɗe da dusa, hukumar kula da albarkatun jihar ta ce a ninka. In za ku kunna hita a tanti, ku bar kafar iska a buɗe.

Ɗan Baga, Winnipeg

Ka ƙara mai ƙararrawa guda ɗaya a kan lissafin Malam, ƙanena. In Allah ya kai mu Maris ka tsallako, wurin kwana ba matsala, filaya kawai za ka zo da ita.